Faifai na Bakwai a Gidan Hajiya Awa

Ranar Litinin da hantsi, cikin damunar 1995, kwamfutar Mansuru ta nemi ya sa mata faifai mai lamba D1. Ya miƙa hannu cikin kwalin da ƙanensa Abdulai ya aiko daga Hambog ta Jamani, ya laluba, bai ji shi ba. Ya zazzage kwalin a kan gado. Ga ƙunshin A, ga na N, ga na X, har ga na wasanni, kowanne ɗaure da robarsa, amma ƙunshin D babu shi ko sama ko ƙasa. Wasiƙar Abdulai ta ce fayafai arba'in da biyu ne. Mansuru ya ƙirga sau uku, sau ukun yana samun talatin da biyar.

Ya zauna a bakin gado ya dafe kai. Bai yi ihu ba, don ƙarfin ihun ma ya daɗe da ƙare masa.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana rubuta wa kwamfuta manhaja a wani ofishin gwamnati cikin gari kafin a rage ma'aikata. Takardar da aka ba su ba ta ce kora ba, wai sauyin wurin aiki ne. To, wurin da aka sauya wa Mansuru shi ne bencin ƙofar gidan uwarsa a unguwar Nima ta Accra, kuma shekara huɗu ke nan yana riƙe da wannan muƙami ba fashi. Matarsa Husseina ce ke ɗauke da gidan, da tukunyar shinkafa da waken da take sayarwa a bakin titi. Ba ta taɓa yi masa gori ba. Shi dai ya gaji da ganin yadda take dafa ƙugu kafin ta iya miƙewa daga kan kujerar tsuguno.

Sai ga wata ƙofa ta ɗan buɗe. Dokta Osman, mai wani ƙaramin asibitin kuɗi a Adabraka, katunan marasa lafiyarsa sun cika kwalaye har sun fara cin ɗakin jira. Mutum ɗaya sai ka same shi da kati huɗu, domin yau an rubuta shi Musah, gobe Moussa, jibi Musa, ga bayanin ciwonsa a warwatse. Mansuru ya ce yana da maganin wannan. Ya rubuta manhajar tun tuni, da biro, cikin littattafan makaranta guda shida, daga baya ya buga ta a wata tsohuwar kwamfuta da abokin aikinsa ya bar masa da zai bar ƙasar. Dokta ya saurare shi da kyau, sannan ya ce, "Juma'a mai zuwa bayan masallaci ka kawo na'urar in gani da idona tana aiki. In ta yi, aikin naka ne, kai za ka riƙe ɗakin katuna. In ba ta yi ba, akwai wasu yara daga Osu da ke ta yi mini sintiri."

Matsalar ita ce abin da mutum ya rubuta, kwamfuta ba ta jin sa kai tsaye. Sai an bi da shi ta cikin wata manhaja da ake kira kompaila, ita ke juya rubutun ya zama abin da injin zai iya aiki da shi. Irin babbar manhajar da Mansuru ya saba da ita a ofis, wadda ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya, masu ita sukan sayar da ita daban, kompaila daban, kamar a sayar maka da keken ɗinki a ce allura ba ta cikin ciniki. Manhajojin da ake kwafa a bayan fage a kasuwar Tudu kuwa na wani gida ne dabam, sai ya sake rubutun nasa tun daga tushe, aikin wata uku. Shi ya sa da Abdulai ya rubuto cewa akwai wata sabuwa da ake kira Linux, 'yar uwar ta ofis ce, kyauta ake raba ta, kuma tana zuwa da kayan aikinta cif, kompaila da abin farautar kuskure da abin haɗa guntaye, Mansuru ya karanta wasiƙar a tsaye ya sake karantawa a zaune. Duk waɗannan kayan aiki suna cikin ƙunshin D, fayafai bakwai.

Ya fito tsakar gida. Uwarsa, Mma Alimatu, tana zaune a gindin bango tana tsince wa Husseina shinkafa a tire. Ta haura saba'in, amma ƙwayar tsakuwa ba ta wuce ta.

"Mma, akwai wanda ya taɓa kwalin Abdulai?"

"Ni na taɓa," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kin ɗauki wani abu a ciki?"

"Na ɗauki ɗauri ɗaya na raba. Ranar da bogan nan, mutumin da ya dawo daga Jamani, ya kawo kayan kana masallaci. Mutum ya aiko kaya daga Jamani, Nima duk ta ji, sai mu rufe ƙofa mu kaɗai? Sabulu na raba, turare na raba, cakulan na raba. Wannan abin baƙi har arba'in da wani abu, kai kaɗai me za ka yi da su?"

Da ƙunshin wasanni hannunta ya faɗa a kai, da sai Mansuru ya yi mata godiya ya ce a ƙara wa maƙwabta. Amma hannun tsohuwa ya bi ta kan sauran duka ya zaɓi wanda ya fi kyan roba.

"Wa da wa kika ba?"

Ta ajiye tiren ta lissafa da yatsu, tana jin daɗin kanta. Fusena 'yar maƙwabciyarsu, mai buga takardu a New Town, ta sami huɗu, tunda ita ce ta san amfaninsu. Musah mai gyaran rediyo ya sami biyu, abin lantarki ne, ba zai rasa yadda zai yi da su ba. Guda ɗayan da ya rage ta haɗa shi da sabulu da turare ta aika wa aminiyarta Hajiya Awa a Maamobi. Sai ta tsaya ta dube shi da kyau, ta ga abin da ke fuskarsa.

"Kada ka kuskura, Mansuru. Shekara hamsin ina unguwar nan, ko cokali ban taɓa bayarwa na ce a dawo mini da shi ba. Ba a bakin kabarina za a fara ba."

"To, Mma," ya ce. Bai gaya mata cewa aikin Adabraka a kan fayafan nan yake rataye ba. Tun da aka sallame shi take kare shi a gaban mata, tana cewa ɗanta injiniya ne yana jiran kira. Ya kasa ce mata kiran ya zo, ita kuma ta raba shi gida uku.

Ya zauna ya yi tunani, ya samo dabarar da yake ganin ba za ta zubar da mutuncin kowa ba. Ba zai karɓi kyauta ba, musanya zai yi. Yana da sababbin fayafai da ba a taɓa rubutu a kansu ba, zai ba da su ya karɓi nasa.

Ranar Talata ya hau trotro, ƙaramar motar haya, zuwa New Town. Fusena tana zaune a shagon buga takardu tana fifita da ambulan, ga na'urarsu a rufe da ƙyalle.

"Ei, Bra Mansuru! Yau tsaraba ya yi ƙafa zai koma gida?" ta ce da ya yi mata bayani. "Mma ya ba ni, kai kuma ka biyo sawu. Asem oo, yau akwai magana."

"Ba karɓa na zo yi ba, Fusena. Ga sababbi fil guda biyar, ki ba ni huɗun nan."

"Ka gode Allah mashin ɗinmu ya mutu tun Asabar. Na duba ciki, wasu sunaye ne ba kai ba gindi. Da yanzu na goge shi duka koraa, na sa wasiƙun mutane."

Ta jawo su daga jakarta, sun sha hoda da ƙamshin man shafawa, ta miƙa masa tana dariya. Ya roƙe ta kada ta faɗa wa kowa. Ta rantse har da taɓa harshe. Kafin ya sauka daga trotro a Nima, uwar Fusena ta riga ta ji, domin a shagon akwai tarho, kuma Fusena ba ta ga amfanin tarho yana zaune ba aiki ba.

Shagon Musah yana bakin babban gota, inda warin ruwa da ƙaurin dalma suka daɗe da sasantawa. Da Mansuru ya shiga ranar Laraba da safe ya ga lasifikoki jibge har rufi, sai gabansa ya faɗi, don maganaɗisun da ke bayan lasifika ɗaya ya isa ya shafe faifai tas. Ashe Musah ya fi shi sanin wannan. Ya rataye su cikin leda a wani ƙusa can nesa, kuma sai da ya yi wa Mansuru lacca ta rabin awa a kan maganaɗisu, shi da ya yi shekara goma sha ɗaya cikin kwamfutoci.

"Chale, zauna mana, ina za ka? A kawo shayi."

Aka kawo shayi, aka sake kawowa. Musah ya ba da labarin wani kwastoma da ya gudu ya bar masa talabijin, ya ba da na ƙafarsa da ke ciwo in an yi ruwa, ya zagi masu wuta. Ledar tana rataye a ƙusa, Mansuru yana kallon ta, ba halin ya miƙa hannu. Sai wajen azahar aka iso inda Musah yake son zuwa tun farko.

"Abdulai ɗin nan, ka rubuta masa ya yi mini inbiteshan, takardan gayyata. Ni ma in je in ga Jamani kafin in mutu. Kai ɗan'uwansa ne, ba zai ƙi ka ba."

Mansuru ya san Abdulai kwanoni yake wankewa a wani gidan abinci, ko takardun kansa bai gama daidaitawa ba. Amma ya ce zai rubuta. Ya fito da fayafai biyu a aljihu da alkawarin da ya san ba zai cika ba, abin ya tsaya masa a rai.

Daga nan bai koma gida ba. An ce masa akwai wani malami a jami'a da ke da irin wannan ƙunshi, don haka ya hau mota biyu zuwa Legon, ya taka daga bakin geti har sashen, rana tana dukan ƙeyarsa. Ya tarar da ƙofa a kulle. Wani masinja ya ce malamin ya tafi taro ƙasar waje, sai ƙarshen wata. Mansuru ya zauna a kan dakali ya huta, sannan ya sake takowa.

Gab da magariba ya zuba fayafai shidan cikin na'ura ɗaya bayan ɗaya. Duka suka shiga lafiya. Kompaila ta zauna daram, har ya kira ta ta amsa. Ya ba ta rubutunsa, ta ɗan yi shiru, sai ta zubo masa ƙorafi layi bayan layi: ba ta ga kaza ba, ba ta ga kaza ba. Guntayen da kowace manhaja ke jingina da su, na buɗe fayil, na rubutu a allo, na karɓar abin da aka buga, duk suna cikin faifai na bakwai. Ya gwada ya rubuta wasu da kansa daga abin da ya tuna. Ya toshe nan, can ya ɓalle. Da aka kira isha'i ya kashe na'urar, idanunsa suna yaji.

Hajiya Awa ba irin Fusena ko Musah ba ce. Mota ɗaya ta kawo ta Accra ita da Mma Alimatu suna amare, suka yi goyo tare, suka binne mazajensu shekara ɗaya. Amincinsu na gaske ne, amma akwai gasa a cikinsa wadda kowa ya sani ba mai faɗa. In wannan ta aika da kwano, waccan sai ta mayar da wanda ya fi shi cika. Shekara hamsin suna haka, ba wadda ta yarda a ce hannunta ya fi ƙanƙanta.

Ranar Alhamis da safe Mansuru ya tafi Maamobi da sabon faifai a aljihu. Ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta. Yana ɗago kai ya gan shi. Yana cikin kabad ɗinta mai gilashi, a jingine tsakanin kwanonin samira da kofunan da ta zo da su daga Makka, an goge masa wuri na musamman. D7, da rubutun Abdulai. Tsakaninsa da shi bai fi taku biyu ba.

"Ka ga abin da ɗana Abdulai ya aiko mini?" in ji Hajiya Awa. "Nawa 'ya'yan na Kumasi ko wasiƙa babu, amma shi yana can ƙasar sanyi ya tuna da ni. An ce duk karatun Turawa yana cikin ɗan abin nan. Kowa ya shigo sai na nuna masa."

"Allah ya saka, Hajiya."

"Amin. Uwarka kuma ba ta da na biyu. Abu ya shigo hannunta, kafin ya huce ya iso nan."

Ta sa aka kawo masa koko da ƙosai. Ya sha, ba ya jin ɗanɗano. Sau biyu ya shirya maganar a bakinsa: Hajiya, ara mini shi na awa ɗaya. Sau biyun yana hango yadda za ta kasance. Za ta ba shi da fara'a, kafin azahar kuma Maamobi da Nima sun ji cewa Alimatu ta ba da kyauta ta turo ɗanta ya karɓo. Ya duba ko zai iya musanyawa a ɓoye in ta fita, sai ya ga mabuɗin kabad ɗin a ƙulle a bakin zaninta. Kunya ta kama shi da ya gane abin da yake saƙawa, shi da furfura a gemu, a ɗakin matar da ta goya shi. Ya yi godiya ya tashi.

Ya dawo ya tarar Husseina ta tashi daga kasuwa tana kankare tukunya. Ta dubi hannunsa, ta dubi fuskarsa.

"Ba ka samu ba."

"Yana can. Na kasa."

"Ka kasa." Ta ajiye soson ƙarfen. "Gobe ne Juma'a, Mansuru. Ka faɗa ma Mma gaskiya, Mma ɗin ya je ya karɓo."

"Ba zan sa tsohuwa ta zubar da fuskarta ba."

"Yoo. Fuskan Mma dai. Ni bayana fa? Shekara huɗu ina ɗaga tukunyan nan. Ban taɓa ce maka komai ba, yau na faɗa. Na gaji paa."

Ba da ƙarfi ta yi maganar ba, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Ya shige ɗaki ya kwanta rigingine yana kallon kwanon rufi. Ya ji ta tana ci gaba da kankara, sannan ya ji ƙarar ta tsaya, ya ji takunta ya nufi ɗakin Mma. Ya san abin da za ta je yi. Ya kamata ya tashi ya hana ta, amma bai tashi ba, kuma ya san dalilin da ya sa bai tashi ba.

Bayan la'asar hadari ya haɗo daga wajen teku. Aka nemi Mma Alimatu a gidan aka rasa. Mayafinta na fita unguwa ba ya kan ƙusa, takalminta ba ya bakin ƙofa. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, lungunan Nima suka zama rafi, leda da ɓawon lemo suna iyo. Mansuru ya ɗauki lema ya fita har bakin titi, ya tsaya yana duba kowace trotro, ya dawo, ya sake fita.

Gab da magariba ta shigo. Ta jiƙe har gwiwa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, igiyarsa ta tsinke. Trotro ta ƙi tsayawa cikin ruwa, da ƙafa ta tako daga Maamobi. Ba ta kula kowa ba, ta wuce kai tsaye ɗakin Mansuru, ta tsaya a gaban teburin kwamfuta tana kwance ƙullin da ke bakin mayafinta. Ƙullin ya jiƙe ya ƙi kwancewa.

"Mma, me ya sa ba ki bari ruwan ya tsaya ba?"

"Kai me ya sa ba ka buɗe baki tun Litinin ba? Sai matarka ce za ta gaya mini?" Ta ci gaba da fama da ƙullin. "Na je na tarar da ɗakin cike da mata, ana shirin sunan jikarta. Na so in ja ta gefe, ta ce in faɗa a nan, duk 'yan gida ne. Na faɗa. Na ce Awa, abin da na ba ki na zo karɓa."

Mansuru ya kasa kallon ta.

"Sai Awa ta yi dariya ta ce ai ba komai, dama ajiya take yi mini. Ta ce ko sabulun ma in ina so akwai saura." Ta sake jan ƙullin. "Shekara hamsin ba ta taɓa samun irin wannan a kaina ba. Yau ta samu. Ba komai, tunda aikinka ne."

Ƙullin ya kwance. Ta miƙa masa faifan da hannu biyu.

Tun kafin ya karɓa ya ga takardar da ke manne a jikinsa ta yi laushi ta tattare, rubutun Abdulai ya narke ya zama shuɗin tabo. Ya kai shi hanci. Ƙamshin omo ne.

"Ruwan sama ne ya taɓa shi, Mma?"

"Wane ruwa? A cikin leda na sa shi, na ƙulle a mayafi. Awa ce ta wanke maka. Yara sun taɓa shi da hannun manja wajen kallo, ta ce ba za ta mayar mini da abu da datti ba, ko kwano ba ta taɓa yi mini haka ba. Da ruwan ɗumi ta wanke shi, ta ja ɗan ƙarfen nan ta goge har ciki, ta shanya a bakin kurfoti ya bushe sarai. Wannan kam ta kyauta, ba zan ci hakkinta ba."

Husseina ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da tawul a hannu. Mansuru ya kunna na'urar. Ya san abin da zai faru, amma ya tura faifan ciki, ya yi bisimilla, ya buga umarni. Na'urar ta yi gurnani, ta yi ƙas-ƙas, ta yi shiru, ta sake gurnani. Layi ɗaya ya fito a allo, da Turanci, cewa ba ta iya karanta komai. Ya fitar da shi, ya hura, ya mayar. Layin ya sake fitowa. Ya gwada na uku.

Mma tana tsaye a bayansa, ruwa yana ɗiga daga zaninta a kan siminti. Ba ta iya karatun boko ba, allon kawai take kallo, sannan ta kalli ƙeyar ɗanta.

"Ya yi?"

Mansuru ya ɗora yatsunsa a kan maɓallai. Ya buga wani ɗan gajeren umarni da ba ya yin komai sai jero sunan duk fayil ɗin da ke cikin na'urar. Nan take rubutu ya fara gudu a allo, fari a kan baƙi, ɗaruruwan layuka suna hawa sama ba tsayawa.

"Ya yi, Mma," ya ce.

Husseina ta dube shi. Shekara goma sha shida suna tare, ta san muryarsa in abu ya yi, ta san ta in bai yi ba. Ta buɗe baki, sai ta kalli ƙafafun tsohuwar da suka kumbura suka yi fari don ruwa, ta rufe.

Mma Alimatu ta saki takalmin da ke hannunta, ta zauna a bakin gado a hankali, kamar wadda aka sauke wa kaya. Ta kalli rubutun yana gudu har ya tsaya.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Da bai yi ba, da na zubar da fuskata a banza." Ta karɓi tawul ɗin ta fara goge ƙafa. "Husseina, farar rigarsa za ki goge masa, mai dogon hannu. Likita zai je gani."

Husseina ta ce to. Ta ɗauki dutsen guga ta fita neman garwashi.